Kwana uku a gidan haya na bakin ruwa a Ada Foah

Bayan Babbar Salla na ɗebi iyali daga unguwar Mamobi ta Akra muka nufi Ada Foah, mu bakwai har da Inna, wadda ta haura shekara 40 a Akra ba ta taɓa ganin inda Kogin Volta ke shiga teku ba. Gida guda muka kama mai ɗaki uku, ta hannun wani dillali da na samu a Facebook. Na tura rabin kuɗi ta MoMo, wato ta waya, sauran sai da na ga gidan da idona.

Tafiyar kusan kilomita 100 ce, amma cunkoson da ke tsakanin Tema da Dawhenya ya cinye mana safiya. In an wuce Sege aka kai Kasseh sai a karya dama.

Gidan yana gefen kogi, ba gefen teku ba, kuma mai ƙananan yara can ya kamata ya nema, don igiyar tekun Ada ba ta wasa ba ce. Mun tarar da shi a share, zannuwan gado wankakku, kowane gado da gidan sauro, kicin da gas da tukwane. Mai gadin bai jira na tambaya ba ya nuna mini alƙibla, ya kawo butoci biyu, ya ce musulmi daga Ashaiman da Madina ta Akra suna yawan sauka. Matarsa ta gasa mana karfasa da aka kamo da safen nan, da banku da barkono ɗanye. Inna da ba ta cin abincin waje ta nemi ƙari. Da asuba na fito barandar na ga masu kwalekwale suna nutso suna ciro adode, wato kumbar kogi da ake ci, ruwa lumui, ba ƙarar mota ko ɗaya. Wannan kaɗai ya kusa biyan kuɗina.

Amma akwai abin faɗa. Ruwan famfon da gishiri-gishiri, ko sabulu ba ya kumfa sosai, sai da muka sayo ledojin ruwa don girki. Iskar teku ta cinye duk wani ƙarfe a gidan: makullin ɗakinmu ya ƙi juyawa, fankar falo duk tsatsa, na'urar sanyaya ɗakin Inna ƙara kawai take yi. A talla an rubuta akwai janareta. Akwai shi kuwa, sai dai da aka ɗauke wuta a dare na biyu aka ce kuɗin mai daga aljihuna zai fito. Haka kuɗin jirgin yawo, wanda na ɗauka yana cikin haya. Daren Asabar kuma maƙwabta suka saki kiɗa har bayan ƙarfe 2, a kan ruwa kuwa sauti ba shi da shamaki.

Ranar da za mu dawo dillalin ya zo da kansa. "Alhaji, me zai sa ka riƙa biyan haya? Ga fuloti can gefen teku, ka gina naka, Disamba ɗaya ya mayar maka da rabin kuɗinka." Maganar ta shige ni, don Yayana da ke Bronx ya daɗe yana cewa in nema masa fili a bakin ruwa, tun 2019 da baƙi suka fara tururuwa Gana kowane ƙarshen shekara. Na bi shi muka je wajen Azizanya.

A can wani dattijo mai gyaran koma ya kira ni gefe. Hausarsa ta kasuwa ce amma na fahimce shi. Ya miƙa hannu cikin teku, can inda igiya ke karyewa, ya ce nan gidan mahaifinsa yake da bishiyoyin kwakwarsu. Na ce, "Baba, cikin ruwan?" Ya ce cikin ruwan. A Ada Foah ɗin ma ganuwar Kongenstein da Turawan Denmak suka gina a 1783, teku ta haɗiye mafi yawanta. Tun da aka tare Volta a Akosombo a 1965, yashin da kogi ke kawowa yana cike gaɓa ya ragu, teku kuwa ba ta daina ɗiba ba. Gwamnati ta jera duwatsu cikin ruwa don tare zaizayar, sun taimaka inda suka kai, amma filin da aka nuna mini damina ta riga ta kwanta a rabinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne katangu. A jirgi mun wuce gidajen manya jere a bakin kogi, yawancinsu a kulle, ba kowa sai mai gadi. Kowane gida ya ja katangarsa har cikin ruwa. Dattijon ya ce inda suke jawo kwalekwale a da, da inda mata ke wanki, yanzu sai sun zagaya. Na ji nauyi, don gidan da muka kwana ma da tasa katangar.

Na gaya wa Yaya ya riƙe kuɗinsa tukuna. Filayen Ada na dangi ne da zuriya, mutum ɗaya ba ya sayarwa shi kaɗai, kuma ba a biyan ko sidi ɗaya sai an yi bincike a Hukumar Filaye an ga sunan wa ke kan takarda. 'Yan'uwanmu na Najeriya da Nijar su sani cewa wanda ba ɗan Gana ba, doka ba ta ba shi haya fiye da shekara 50 a lokaci guda. Wanda ya nace sai ya saya, ya je ya ga filin a watan Yuni, ba a rani ba.

Gidan dai zan sake kama shi, amma ranar Talata zuwa Alhamis, kuma ba a makon farko na Agusta ba, lokacin bikin Asafotufiam da gari ke cika maƙil. Zan sa a rubuta mini maganar man janareta da kuɗin jirgi kafin in tura ko kwabo. Mai gadin ya ce daga Nuwamba kunkurun teku ke fitowa da dare su binne ƙwai a yashi, kuma Inna ta ce da ita za a koma.