Gaɓar Meziko ko gaɓar Kenya: wanne ya fi wa mai jakar goyo?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce kana da ɗan hutu da ɗan kuɗin da ka tara, kana so ka goya jaka ka bi bakin teku, ka ga kufan tsofaffin garuruwa, sannan ka yi nutso cikin kogo, kuma ka rasa zaɓi tsakanin yankin Tulum na Meziko da gaɓar Kenya. Toh amsata a gajarce: in nutson kogo ne ya hana ka barci, Meziko ce, ba ma a haɗa su. In kuwa kogon ƙari ne kawai a kan rairayi da tarihi, ka tafi Kenya, aljihunka da cikinka za su fi samun lafiya. Ga dalilaina.

Mu fara da kogon tunda nan ne bambancin yake. Ƙasar Yukatan, wato yankin Meziko da Tulum ke ciki, dutsen farar ƙasa ce mai huda-huda, kusan babu kogi a sama, ruwan sama duk zurarewa yake ƙarƙashi ya yi ta cin dutsen har ya zama hanyoyin ruwa, inda rufin ya rufta sai ka ga rami cike da ruwa garai-garai, shi ne suke ce wa senote. A 2018 masu bincike suka gano cewa kogon Sac Actun da na Dos Ojos a haɗe suke, tsawonsu ya kai kilomita 347, duk a ƙarƙashin dajin da ke kewaye da Tulum. A wani rami cikinsa mai suna Hoyo Negro aka tsinci ƙasusuwan wata yarinya a 2007, wadda ta rayu sama da shekara 12,000 da suka wuce, lokacin kogon yana busasshe. Ruwan bai cika wuce digiri 25 ba duk shekara. Akwai inda ruwan daɗi na sama ke haɗuwa da na gishiri na ƙasa, in ka ratsa wurin sai ganinka ya dushe kamar an zuba man gyaɗa a ruwa an motsa, a wani senote mai suna Angelita kuma wajen zurfin mita 30 akwai wani hazo na iskar sulfa kwance da rassan itatuwa suna leƙowa ta cikinsa.

Amma fa ka tsaya, don nan ne mutane ke ruɗewa. Nutson iri biyu ne. Na farko na bakin kogo ne, inda har yanzu kana hango hasken rana, wannan in kana da satifiket ɗin nutso na matakin farko za ka iya yi da jagora, ku huɗu ko ƙasa da haka, kuna bin igiyar da aka riga aka ɗaura. Na biyu shi ne shiga can ciki inda babu haske kuma babu sama da za ka tasa in wani abu ya faru, dutse ne a kanka. Wannan sai da horo na musamman, tukunyar iska biyu, tocila uku, da ƙa'idar raba iska kashi uku: ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. A ƙarshen iyakar masu koyo akwai allon gargaɗi da hoton kwarangwal, ba ado ba ne wallahi, ƙwararrun masu nutso a teku ma sun sha mutuwa a kogo saboda ƙafa ɗaya ta tayar da laka hanya ta ɓace. Duk jagoran da ya ce maka zo mu ɗan leƙa bayan allon, ka ce masa a kai kasuwa. Kuma ka bar aƙalla awa 18 zuwa 24 tsakanin nutson ƙarshe da hawa jirgi.

Kenya ba ta da irin wannan. Akwai kogunan Vuma kusa da Kilifi, ramuka ne a jikin dutsen murjani cikin teku, ana nutso a wurin kuma yana da kyau, sai kogon Shimoni can kudu wanda da ƙafa ake shiga, shi tarihin cinikin bayi ne ke kai mutane. Abin da suke da shi sosai shi ne nutson teku a fili, a Watamu da Kisite, kifaye da kunkuru da murjani.

Kufai kuma, a nan ni dai na fi karkata ga Kenya, duk da na san wasu za su yi min caa. Kufan Tulum tsohon gari ne mai ganuwa na mutanen Maya, 'yan asalin yankin, a kan tsauni mai tsayin wajen mita 12 yana kallon teku, ya yi tashe tsakanin ƙarni na 13 da na 15. Kyau kam akwai shi, hoton da kake gani ba ƙarya ba ne, sai dai ƙarami ne, awa biyu ka gama, gine-ginen an zagaye su da igiya, kuma da hantsi ya yi motocin 'yan yawon buɗe ido daga birnin Kankun sun cika wurin. Ka je da sassafe. In kana son girma sai ka shiga ciki zuwa Koba, dalarta ta kai mita 42 a tsakiyar daji, ko Chichen Itza da ta fi nisa kuma ta fi cunkoso.

A Kenya akwai Gede kusa da Watamu, garin Sawahili da aka gina da dutsen murjani, aka watse aka bar shi a ƙarni na 17, daji ya haɗiye shi, kuka da manyan itatuwa sun fito ta cikin ɗakuna. Za ka tsaya cikin babban masallacinsu ka ga mihirabi da rijiyar alwala, ka ga fada da kaburbura masu ginshiƙi, an kuma tono tangaran na Sin da duwatsun ado na birnin Banis na Italiya a wurin. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2024. Ga kufan Jumba la Mtwana kusa da Mtwapa da masallacinsa a daf da ruwa, ga sansanin yaƙi na Fort Jesus a Mombasa da Turawan Fotugal suka fara ginawa a 1593, ga Lamu da ba kufai ba ce ma, gari ne mai rai da jakuna a lunguna da gagarumin Maulidi duk shekara. Mutumin da ya tashi yana jin kiran salla zai gane abin da yake kallo a Gede ba sai an yi masa dogon bayani ba, a Tulum kuwa sai ka ɗauki jagora ko ka yi karatu tukuna. Lamu dai ta jirgin sama za ka je, hanyar mota ta wajen tana da matsalar tsaro.

Rairayi kunnen doki ne, fari ne tas a duka biyun. Matsalar Meziko ita ce ciyawar teku mai ruwan ƙasa da ke tarowa a gaɓa galibi daga Afrilu zuwa Agusta, in ta ruɓe warinta ba kyau, ga lokacin guguwa daga Yuni zuwa Nuwamba. A Diani da Watamu na Kenya kuma damina babba Afrilu da Mayu ce, ruwa ya fi kwanciya daga wajen Nuwamba zuwa Maris, sai masu talla da za su biyo ka har bakin ruwa, haƙuri kawai.

Zirga-zirga duk da sauƙi. Daga Kankun zuwa Tulum kilomita 130 ne a kan titi ɗaya, akwai bas ɗin ADO mai sanyi, akwai ƙananan motocin haya da suke kira kolektibo, kana cewa Dos Ojos za su sauke ka a bakin hanya. Ka kwana cikin garin Tulum ka yi hayar keke, otal-otal na bakin ruwan ba na mai jakar goyo ba ne, kuma kowane senote da kuɗin shigarsa. Kenya jirgin ƙasa na Madaraka zai kai ka Mombasa daga Nairobi cikin awa biyar zuwa shida, daga nan sai ƙananan motocin haya da suke kira matatu da Keke Napep.

Yanzu ga abin da masu bidiyon yawo ba sa faɗa maka, don su fasfonsu ba irin namu ba ne. Mai fasfon Najeriya sai da biza zai shiga Meziko, sai in yana da bizar Amurka ko Kanada ko Birtaniya ko Japan ko ƙasashen Shengen na Turai mai aiki, ofishin jakadancin Meziko yana Abuja. Babu jirgi kai tsaye, kuma in za ka canja jirgi a ƙasar Shengen ana neman bizar wucewa ko da ba za ka fita daga filin jirgin ba, shi ya sa wasu ke bi ta Istanbul, kuɗin tikitin kaɗai zai iya cinye kasafin tafiyar Kenya. Kenya kuwa daga Legas zuwa Nairobi awa biyar da ɗoriya ne, a 2025 kuma suka cire wa yawancin 'yan Afirka izinin shiga na intanet da suka kawo a 2024, amma ka sake dubawa kafin ka sayi tikiti, ka riƙe katin allurar shawara.

Abinci ma abin lura ne. A Yukatan naman alade ne kan gaba, shahararren abincinsu kochinita da shi ake yi, wake ma sau da yawa da kitsen alade ake soya shi, don haka kifi da ƙwai da 'ya'yan itace za ka riƙe, kana tambaya kullum, masallaci kuma sai ka nema da kyar. A Mombasa ko Malindi ka shiga gidan abinci ka ce biriyani ko pilau ko kifi da miyar kwakwa, ka wanke hannu, in aka kira salla ka tsallaka titi.

Ba ka faɗa min ko ka taɓa nutso da tukunyar iska ba. In ba ka taɓa ba, Allah ya huci zuciyarka amma kogo bai zo ba tukuna, ka je Watamu ko Diani ka yi kwas ɗin farko na kwana uku zuwa huɗu, ka tara nutso a teku har ka iya tsayar da jikinka cak a tsakiyar ruwa ba tare da ƙafarka ta taɓa ƙasa ba, da wannan satifiket ɗin ne za su yarda su kai ka Dos Ojos in bizar ta samu.