Aikin Sa Kai, Pro Bono ko Gurbin Horo: Wanne Ɗalibin Lauya Zai Fara Nema?

Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce kina shekara ta uku a karatun lauya, ga sanarwar guraben horo masu alawus da ake kira feloshif, ga ƙungiyoyi na neman 'yan sa kai, ga malamai na ta maganar pro bono, wato aikin lauya kyauta, kin rasa wanda za ki ba lokacinki tunda ba za ki iya haɗa su duka ba. To, ukun nan ba lokaci guda ake shigarsu ba. Biyu ana yin su tun ana aji, na ukun yawanci sai an kammala, kuma abin da kika yi a biyun farko shi za a duba ranar da kika je neman na ukun.

Aikin sa kai ya fi sauran faɗin ƙofa. Ba ya neman lasisi, wani lokaci ma ba ya neman zurfin sanin doka: tsara takardu, yi wa wanda bai jin harshen kotu tafinta, zama a kotu ana rubuta abin da ya gudana, ko fita wayar da kan mutane game da haƙƙinsu. Shirin Street Law da aka fara a Jami'ar Georgetown ta Amurka a 1972 irin wannan ne, inda ɗaliban lauya ke shiga makarantun sakandare suna koyar da dokar da ta shafi rayuwar yau da kullum. Za ki koyi yi wa mutum bayanin doka da harshen da zai gane, kuma lauyoyi da yawa har su tsufa ba su iya wannan ba. Inda yake da rauni shi ne sau da yawa babu mai duba aikinki. Sai ki shekara kina raba takardu a taro, ki fito ba ki taɓa rubuta layi ɗaya na shari'a ba.

Pro bono kuwa guntun jumlar Latin ce, pro bono publico, wato domin amfanin jama'a. Aikin lauya ne na gaske, ana yi wa wanda ba shi da halin biya, ba a karɓar komai a hannunsa. A nan ne ɗalibai ke yawan yin kuskure. Ke ba lauya ba ce tukuna, kuma a ƙasashe da dama laifi ne wanda ba shi da lasisi ya yi aikin lauya. Saboda haka pro bono na ɗalibi a ƙarƙashin lauya mai lasisi ake yin sa, ko a cibiyar taimakon shari'a ta jami'a, ko a wata ƙungiya, ko a ofishin lauyoyi. Ke za ki yi binciken hukunce-hukuncen baya, ki saurari mai matsala, ki rubuta daftari. Shi zai karanta, ya gyara, ya sa hannu, alhakin kuma yana wuyansa.

Wannan gyaran shi ya sa na fifita pro bono a kan sauran ga wanda yake aji. A jarrabawa an riga an tace miki labari, an ajiye miki abin da ya shafi doka kaɗai. Mutumin da ke zaune a gabanki kuwa zai fara labari daga tsakiya, ya manta ranar da abin ya faru, ya ɓoye abin da yake jin kunyarsa, sai a ƙarshe ya ciro takardar da ita ce komai. Tsamo shari'a daga cikin wannan hargitsi ba a koyon sa a littafi. Kada kuma ki raina aikin ɗalibi. Innocence Project, wadda Barry Scheck da Peter Neufeld suka kafa a 1992, daga makarantar lauyoyi ta Cardozo da ke New York ta fara, ɗalibai na taya bin tsoffin fayiloli, kuma ta hanyar gwajin ƙwayar halitta an fitar da mutanen da aka ɗaure bisa kuskure bayan sun yi shekaru a kurkuku.

A wasu wuraren har ya shiga ƙa'idar sana'a. Ƙungiyar lauyoyin Amurka, a dokarta ta 6.1, ta kwaɗaitar da kowane lauya ya ba da aƙalla awa 50 a shekara kyauta, ko da yake ba tilas ba ne. Jihar New York ta wuce nan: a 2012 ta sanar cewa duk mai son a rantsar da shi lauya sai ya nuna ya yi awa 50 na pro bono, kuma sharaɗin ya hau kan waɗanda aka rantsar daga 2015. Ko ƙasarki ba ta da irin wannan, ki riƙa rubuta ranakun aikinki da awanninsa da sunan lauyan da ya duba ki.

Sai dai nauyinsa ya fi na sa kai nesa ba kusa ba, kuma ina so ki ji wannan da kyau. In kika fasa zuwa taron wayar da kai, wani zai maye gurbinki. In kika ajiye fayil ɗin mutum saboda jarrabawa ta matso, wa'adin kotu ba ya jira, kuma wanda zai yi asara talaka ne da ba shi da wani lauyan. Sirrinsa ma amana ne, ko ƙawarki ta ɗaki ba ta da rabo a ciki. Gara ki ɗauki awa uku a mako ki cika su da ki yi alkawarin goma ki ɓace.

Gurbin horo shi kaɗai ne cikin ukun yawanci ake biyanki, shi ne kuma mai ƙunƙuntar ƙofa. Na ofishin lauyoyi na Skadden da aka fara a 1988 yana biyan sabon lauya albashin shekara 2 ya yi wa marasa ƙarfi aiki a wata ƙungiya a Amurka. Mai nema shi ke tsara aikin da zai yi, ya samo ƙungiyar da za ta karɓe shi, sannan ya nema. To wa zai iya tsara irin wannan in bai taɓa zama da masu matsalar ba? Wace ƙungiya ce za ta tsaya wa wanda ba ta sani ba? Wanda ya fi kusa da ɗalibin kowace ƙasa shi ne na Kotun Duniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya (ICJ) da ke birnin Hague na ƙasar Netherlands, mai alƙalai 15, inda ake haɗa wanda aka ɗauka da alƙali ɗaya na kimanin wata 10. Ana neman ƙwarewa a Turanci ko Faransanci. A da kuɗin zama ne ke hana mutane da yawa, sai a 2020 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a kafa asusun tallafa wa 'yan ƙasashe masu tasowa.

Da ni ce ke, wannan zangon zan nemi cibiyar taimakon shari'a ta makaranta. Kafin ki shiga ko'ina ki yi tambaya biyu: wane lauya ne zai karanta abin da na rubuta, kuma wa zai karɓi fayil ɗin in na tafi hutu? In babu amsa, aikin sa kai ne, ki yi shi da wannan sunan, kada ki ba kowa shawarar shari'a a can. Batun Hague kuma, ba ke za ki aika takarda da kanki ba, jami'a ce ke gabatar da suna. Ki je wajen shugaban tsangayarku tun yanzu ki tambaye shi ko sun taɓa gabatar da wani, da abin da suke dubawa.