Sharhi kan maganin amai da aka sayar mana a wani kantin magani a Gusau

Na daɗe ina hulɗa da wani kantin magani da ke unguwarmu ta Tudun Wada, kuma ban taɓa samun jabun kaya a wurinsu ba, ga shi suna ɗaga wa mutum ƙafa idan wata ya yi nisa. Wannan ne ya sa abin da ya sami ƙanwata mai shekara 14 ya fi yi mini ciwo.

Amai ne ya matsa mata bayan zazzaɓi, sai yaron kantin ya ɓallo ƙwayoyi daga kwalin da aka rubuta Metoclopramide a jikinsa, ya ce ta riƙa shan miligiram 10 sau uku a rana, ba tare da ya tambayi shekarunta ko nauyinta ba. Aman ya tsaya cak, wannan kam ba zan ci haƙƙin maganin ba. Amma washegari da la'asar wuyanta ya murɗe zuwa gefe ɗaya, idanunta suka kafe suna kallon sama, harshe ya zazzago, haɓa ta riƙe, tana ji tana gani amma magana ta gagara sai hawaye. Inna ta kama salati tana cewa iska ce, maƙwabta suka ce a kira malami ya yi ruƙiyya, ni kuwa sanƙarau ne ya faɗo mini a rai, domin duk wanda ya ga annobar 2017 a Zamfara ba ya ganin sandarewar wuya hankalinsa ya kwanta.

A asibiti, tambayar farko da likita ta yi ita ce: "Malam, wane magani ta sha tun jiya?" Da ta ji sunan maganin sai ta sa aka yi wa ƙanwata allura ta jijiya, kafin a kira magariba wuyan ya saki, yarinya ta nemi ruwa da bakinta. Likitar ta bayyana mana cewa maganin yana toshe aikin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa, wanda shi ne ke daidaita motsin jiki, kuma yara da 'yan mata ne irin wannan murɗewa ta fi kamawa, galibi a kwanakin farko na shan sa. Rabin abin da aka ba ta ne ya dace da nauyinta. Tun 2013 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta taƙaita shan sa zuwa kwana 5, Amurka kuma ta tsananta gargaɗi a kansa a 2009, saboda wanda ya daɗe yana sha kan kamu da motsin baki da harshe da ba lallai ya warke ba ko da an daina maganin. Magungunan masu taɓin hankali irin su haloferidol ma suna jawo hakan.

Da hankali ya kwanta na yi niyyar yi wa kantin uzuri, tunda magani ne mai rajista kuma ba lalatacce ba ne, kuma ko a hannun likita yana iya yi wa wani haka. Sai dai da na koma domin in yi wa mai kantin bayani, ko don gaba, bai bari na kai ƙarshen maganata ba ya ce: "Haba Malam, mutum nawa muke ba wannan ƙwaya? Ku dai ku nema mata maganin aljanu." Takardar gargaɗin da ke cikin kwalin, wadda ta ambaci wannan matsala ɓaro-ɓaro, yaransa ciro ta suke yi su yar domin su sayar da ƙwayar ɗaiɗai. Kuɗin allura da na gado sun ninka kuɗin maganin nesa ba kusa ba, ban nemi ya biya ko sisi ba, amma har yau bai tambayi jikin yarinyar ba, alhali ta ƙofar kantinsa take bi kullum zuwa Islamiyya.