Murhun nan mai tsimin itace da ake saidawa a Marwa

Jama'a masu tambaya kan murhun nan na ƙarfe mai yumɓu a ciki, wanda maƙera ke yi nan Marwa ta Kamaru, to ni dai na saya wa uwargida kuma gaskiya ba laifi. Itacen da a da bai kai mu kwana biyu a murhun duwatsu uku yanzu yana jan mu sosai, don wutar bata watsewa gefe, duk tana tafiya gindin tukunya, hayaƙi ma ya ragu har idonta ya daina ja.

Amma fa sai an faskara itacen ƙanana ƙanana, bakin murhun ɗan tsukuku ne, kuma tukunyar tuwon biki ko suna bata zama kai, wannan sai a koma duwatsu. Yumɓun ma in yara suka watsa mai ruwa da zafinshi tsagewa yake.

Abin da ya sa na ma saya, itace ya zama abin da ya zama. Matan ƙauye masu kawowa a ka sai sun yi nisa cikin daji, malaman daji suna tare su, su kuma da me zasu ci? Mutanen Njamaina sun san wannan tun 2009 da aka hana gawayi a Chadi, har kashin shanu da ƙwallon goruba aka dinga hura wuta da su. Gas kuma wallahi ba kowa ke iya cika kwalba ba.

In zaku saya ku ɗaga shi ku ji nauyi, mara nauyin nan gwangwani ne, damina ɗaya tsatsa ta cinye shi.