Zango biyu a wata cibiyar koyar da yara masu otizam a Katsina

Ɗana yana da shekara huɗu lokacin da likitan yara ya tabbatar mana cewa otizam ke damunsa, lalurar da wasu ke kira galahanga, bayan mun shafe kusan shekara guda muna zarya tsakanin masu ruƙiyya da masu hayaƙin aljanu. Ba ya amsa sunansa, ba ya haɗa ido da kowa, kuma da zarar an tada injin markaɗe a maƙwabta sai ya toshe kunnuwa ya yi ta kuka. Likitan ne ya yi mana kwatancen wata ƙaramar cibiya ta kuɗi a wajen Ƙofar Ƙaura, inda yanzu ya kammala zango na biyu.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne malamar da ta karɓe mu ba ta yi mana alkawarin waraka ba. Ta ce otizam ba shi da maganin da ke raba mutum da shi, horo da haƙuri ne ke sauƙaƙa rayuwar yaro, sannan ta gargaɗe mu kan jita-jitar da ke danganta shi da allurar rigakafi, wadda bincike ya daɗe da ƙaryatawa. Suna koyarwa da katunan hotuna: kofi, banɗaki, tabarma, ƙwallo. A mako na shida yaron nan ya ɗauko katin kofi ya ɗora a tafin mahaifiyarsa maimakon ya kwanta yana birgima, ita kuwa ta tsaya riƙe da katin har sai da malamar ta ce, "Maman Abba, ba shi ruwan mana, ai ya yi magana."

Zaman iyaye na ranar Asabar shi ne ya fi kome amfani a ganina, domin a nan aka koya mana tsara masa yini ɗaya bisa ɗaya da sanar da shi kafin a sauya wani abu. Da na kai kakarsa, wadda ta daɗe tana cewa sangarta ce, shiru ta yi har muka dawo gida.

Sai dai akwai gyara. Babu ƙwararren mai koyar da magana na dindindin, sai wanda ke zuwa daga Kano jefi-jefi, kuma idan aka ɗauke wuta janaretan da ke bayan aji kan firgita yaran da ƙara ce babbar damuwarsu. Kuɗin zango ɗaya ya kusa albashina na wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari na da wannan lalura, kuma tun Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, amma iyaye biyu da muka fara tare sun janye 'ya'yansu saboda kuɗi. Ni dai na biya na zango na uku, na kuma roƙi shugabar cibiyar ta mayar da janaretan can bakin ƙofa.