Na biya kuɗin jirgi don in je in yi tafiyar ƙasa

Yaya, ina gaisuwa, a gaida Inna da mutan gida duka. Ka tambaye ni abin da nake yi ran Lahadi a Faransa. In na faɗa maka za ka yi dariya: daji nake shiga, ba itace ba, ba kiwo ba, tafiya kawai.

Wani abokin aikina ne ya fara ja na. Muka shiga jirgin ƙasa a tashar Gare de Lyon cikin Paris, cikin minti 40 ko kusa sai ga mu Fontainebleau, garin da dajin ya kewaye. Tun Janairun 2025 aka mai da tikitin jirgi a yankin Paris kuɗi ɗaya, kusa ko nesa. Ni yuro 2,50 na biya, wato sefa 1.640, bai kai jikka biyu ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, safiyar Asabar da Lahadi akwai jirgin da ke tsayawa tsakiyar dajin, inda babu gari babu rumfa, don masu yawo su sauka kurum.

Ka tuna ranar da muka nufi tafkin Madarunfa? Mun yi zaune a tasha har rana ta take, ana jiran mutum biyu mota ta cika, da marece kuma muka rasa ta komowa sai kabu-kabu. To nan lokacin dawowarka yana cikin wayarka tun kafin ka ɗaura takalmi. Ba na cewa jirginsu bai latti, yana yi, har yajin aiki suna yi, amma za a sanar da kai.

Hanyar cikin dajin ma aiki ce da aka yi wa mutane. Ana shafa fenti a jikin itace da duwatsu. Ja da fari na doguwar hanya ce ta kwanaki, rawaya ta wuni guda. A Fontainebleau akwai shuɗi, na hanyoyin da wani tsohon soja, Denecourt, ya fara shatawa tun 1842. Baƙo irina sai ya yi kilomita 15 bai tambayi kowa ba. Ƙasar wurin farin rairayi ce kamar ta Gulbi da rani, a kanta na yi azahar.

Sai dai fa, Yaya, dajin nan ba kowa. Ruwana ya ƙare wajen la'asar, na fito wani ƙauye, kanti rufe, ƙofofi rufe, ko akuya ban gani ba. Da hanyar Jiratawa ce ko Tibiri, da tuni wata ta miƙo mini ƙwaryar hura, wani ya tambaye ni ɗan gidan wane ne. Nan sai dai a ce maka "bonjour" a wuce. Guzurinka a bayanka, in ka manta ka ja wa kanka.

Shi ya sa nake roƙo, in Alhaji zai taso wata mai kamawa, a ba shi kilishi da ƙuli-ƙuli ya riƙo mini. Burodi da cukunsu ba ya riƙe ni tafiyar awa biyar. Takalmin da na saya don yawon nan kuwa yana da ƙarko, tafinsa bai jin ƙaya. Ka aiko mini da lambar ƙafarka, zai yi maka amfani a gona da damina.