Kuben Fata ko na Kydex: Wanne Ya Dace da Bindiga Mai Tsada?

Kydex roba ce da ake gasawa a matse ta a jikin samfurin bindiga don a yi kube daidai siffarta, kaurinta kusan milimita 2. Shi ya sa kuben bindigar hannu samfurin Glock 17 ba zai karɓi wani samfurin, kamar CZ Shadow 2, ba. Bindiga na shiga sai ka ji ƙas, akwai kuma sukurun da ake ƙara ko rage ƙarfin riƙo da shi. Aibinsa biyu: yashi in ya maƙale ciki yakan kankare fentin bindiga, zafin mota a rufe kuma yakan lanƙwasa kuben.

Fata ta fi daɗin jiki, ta fi kyan gani. Sai dai tana shan gumi, ƙarfe ya yi tsatsa in an bar bindiga ta kwana ciki. Babbar matsalar tsufa ce: bakin kuben kan yi laushi ya naɗe, ya shiga zoben da ke kare kunama lokacin mayar da bindiga, ya danne ta, harsashi ya tashi. Kuben da ya kai haka, a yar da shi kawai.

Mai gasar harbi, Kydex ya fi masa. Shadow 2 kuwa ta kai kilo 1.3, dole a haɗa kubenta da bel mai tauri.